Sai an wuce Kucheri: Lissafin da ke gaban mai son kai yara wurin shaƙatawa daga Zamfara

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko makarantu suka ba da dogon hutu, akwai rigimar da ke tashi a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwar Gusau wadda ba ta shafi ɗinki ko ragon layya ba. Yaro ya ga lilo mai juyawa da motocin karo a wayar mahaifiyarsa, ko ɗan ajinsu ya dawo daga Kano yana ba da labarin zaki da jimina, shi ke nan magana ta zauna. Safe da yamma tambayar ɗaya ce: "Baba, yaushe za ka kai mu?" Uban ya ce sai da Sallah, don dai a bar shi ya huta. Sallah ba ta fasa zuwa, yaro kuma ba ya mantuwa.

A Kano ko Kaduna ko Abuja, cika irin wannan alƙawari bai wuce kuɗin a-daidaita-sahu da na tikiti ba. A Zamfara lamarin ya sha bamban, domin manyan wuraren da yaran ke gani a waya suna wasu jihohi ne, hanyar zuwa can kuma ta ratsa ta Kucheri. Shi ya sa magidancin da ke shirin fita da ƙananan yara daga Gusau ko Bunguɗu ko Tsafe yake da lissafi hawa uku: na hanya, na aljihu, da na abin da zai tarar a cikin wurin wasan kansa. Yawancin iyaye sukan yi na farko da na biyu da kyau, su manta da na uku.

Hanyar da ke yanke hukunci

Kucheri gari ne a Ƙaramar Hukumar Tsafe, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Funtuwa. Matafiyi zai wuce Kwatarkwashi da duwatsunta, ya shiga Tsafe, ya bi ta Magazu da Kucheri da Wanzamai, sannan ya faɗa Yankara a Jihar Katsina. Wannan ita ce babbar ƙofar Zamfara ta gabas. Mai zuwa Zariya, mai zuwa Kaduna, mai zuwa Abuja, da mafi yawan masu zuwa Kano, duk ta nan suke bi, haka ma motocin Sakkwato da Kebbi da suka ratso ta Gusau.

Ba sai an gaya wa mutumin Zamfara abin da wannan yanki ya gani ba. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga na tare hanyar tsakanin Tsafe da Yankara, suna kwashe matafiya zuwa daji. A watan Afrilun 2023 aka sace mutane kusan 80 a Wanzamai, maƙwabciyar Kucheri, akasarinsu yara da mata da suka shiga daji neman itacen girki. A watan Afrilun 2024 Gwamnatin Jihar ta sanar da hana zirga-zirgar ababen hawa daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe a kan iyakar Yankara da ta Bimasa, wadda ke ɓangaren Sakkwato. Tun kafin wannan sanarwa direbobin tasha sun riga sun kafa wa kansu irin wannan doka: ba a yin sammako da duhu, ba a kuma bari la'asar sakaliya ta riski mutum a tsakanin garuruwan nan.

Ga mai tafiya shi kaɗai wannan ƙa'ida ce ta tsaro kawai. Ga mai ɗauke da yara kuwa, ita ce ke tsara tafiyar gaba ɗaya. Daga Gusau zuwa Kano, ta Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo, kimanin kilomita 300 ne, tafiyar awa huɗu zuwa biyar idan an haɗa da shingayen bincike da tsayawar da yara kan tilasta. Wanda ya bar gida da ƙarfe takwas na safe zai shiga Kano bayan azahar, yara sun gaji, rana ta take. Idan yana so ya dawo a ranar, dole ne ya juyo kusan nan take. Ma'ana dai babu zancen a je a dawo a yini ɗaya. Ziyarar awa uku a wurin wasa tana cin kwana biyu a ƙalla, sau da yawa uku: ranar tafiya, ranar wasa, ranar dawowa. Wanda ya yi ƙoƙarin matse su cikin biyu, ya tsaya yara su ƙara hawa lilo sau ɗaya, shi ne wanda magariba kan riska a Sheme yana shawarar ko ya kwana a Funtuwa.

Kwana a Funtuwa ba abin kunya ba ne. Tsofaffin direbobi sun fi kowa sanin haka, kuma su ne ya kamata magidanci ya tuntuɓa da safiyar tafiya, domin labarin hanya a tasha ake fara jin sa kafin ya kai rediyo. Akwai jami'an tsaro a kan hanyar, akwai kuma Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a farkon 2024, amma yanayin yakan sauya daga mako zuwa mako, wani lokaci daga safe zuwa yamma.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba saboda wancan ya rufe shi, wato na motar kanta. A motocin haya irin su Sharon da Golf, al'ada ce a ɗora ƙananan yara a cinya don kada a biya musu kujera. Direba kuma yakan taka mota iya ƙarfinta a daidai wuraren da ake tsoro. Yaron da ke kan cinya ba shi da abin da zai riƙe shi idan aka taka birki da ƙarfi ko taya ta fashe. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba. Biyan kujera ɗaya ko biyu domin yara kuɗi ne, amma yana cikin kuɗin da ba a yi asararsa ba.

Me ake nufi da wurin shaƙatawa?

Kalmar ta haɗe abubuwa daban-daban a bakin mutane, kuma rashin bambance su kan sa iyaye su yi tsammanin abin da ba za su samu ba. Akwai filin wasan yara mai lilo da zamiya, irin wanda ake gani a harabar makarantu da wasu gidajen abinci. Akwai wurin wasa mai injina, inda ake biyan kuɗin shiga sannan a biya na kowane abin hawa. Sai kuma babban wurin hutu mai masauki a ciki, wanda iyali ke tarewa na kwanaki, su kwana, su ci, su yi wasa ba tare da sun fita ba.

Wannan na ukun shi yara suka fi gani a bidiyo. Wanda ya fi shahara a irinsa shi ne Disneyland, da aka buɗe a Jihar Kalifoniya ta Amurka ranar 17 ga Yulin 1955. Mai shi, Walt Disney, ya sha bayyana cewa tunanin ya zo masa ne yana zaune a kan benci yana jiran 'ya'yansa mata biyu su gama hawa lilo, ya ga babu abin da aka tanadar wa uba sai zaman jira. Duk magidancin da ya taɓa riƙe takalman yara da gorar ruwa a gindin bishiya a gidan zu ya san wannan zama.

A Arewacin Najeriya, wanda ya fara yin wannan tunani da gaske shi ne Audu Baƙo, Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka kafa gidan adana namun daji na Kano a farkon shekarun 1970, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa, har titin da ya bi ta gabansa ya zama Titin Gidan Zu. A zamaninsa kuma aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka yi otal a bakin tafkin Bagauda domin masu zuwa hutu. Fiye da shekara hamsin bayan haka, gidan zu ɗin nan shi ne har yanzu wurin da talakan Arewa maso Yamma ya fi kai 'ya'yansa da Sallah. Wannan yabo ne ga Audu Baƙo, amma ba yabo ba ne ga waɗanda suka biyo bayansa.

Baya ga gidan zu, Kano na da wuraren wasa masu zaman kansu, da rukunin kantuna na Ado Bayero da aka buɗe a 2014, da gidan tarihi na Gidan Makama ga yaran da suka fara wayo. Kaduna na da lambun Ƙofar Gamji a bakin kogi. Abuja na da Magic Land, wanda aka fi sani da tsohon sunansa Wonderland, kusa da ƙofar shiga birnin, da lambun Millennium da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disambar 2003, da gidan namun daji na yara a Asokoro. Wanda ya fi kama da cikakken wurin hutu mai masauki shi ne Yankari a Jihar Bauchi, da giwayensa da ruwan ɗumi na Wikki, sai dai nisansa daga Gusau ya fi ƙarfin yaro ɗan shekara uku.

Lissafin aljihu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi kuɗin tikiti a ɗauka an san kuɗin tafiya. Tikiti shi ne ƙaramin abu a ciki.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke da motarsa, zai tafi Kano da matarsa da yara uku. Zuwa da dawowa kilomita 600 ne, ban da zirga-zirgar cikin gari. Motar da ke cin lita ɗaya a kowace kilomita goma za ta sha lita 60. Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, wannan bai kai naira 12,000 ba. Zuwa ƙarshen 2024, da lita ta haura naira 1,000, man kaɗai ya wuce naira 60,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin wannan shekara naira 70,000 ne. Ba a yi maganar masauki na kwana biyu ba, ba a yi ta abinci ba.

Shi ya sa mafi yawan iyalan da ke yin wannan tafiya suke haɗa ta da zumunci. A sauka gidan ƙanin uba ko yayar uwa a Kano, a huta da kuɗin otal. Sai dai duk wanda ya taɓa yi ya san abin da ke biyo baya: ba a fita da yara uku a bar 'ya'yan masu gida biyar suna leƙe ta ƙofa. Abin da aka rage a masauki yakan koma a tikiti da askirim, kuma hakan shi ne daidai.

A cikin wurin wasan ma akwai tarko. Yawancinsu kuɗin ƙofa daban, na kowane abin hawa daban. Yaro ba ya hawa doki mai juyawa sau ɗaya ya ce ya ƙoshi. Ga mai hoto, ga mai balan-balan, ga mai gurguru, kowanne ya san cewa uba ba ya son a ga ɗansa na kuka a bainar jama'a. Iyayen da suka saba sukan yanke wa kowane yaro adadin abin da zai hau tun daga gida, su gaya masa, su kuma riƙe kuɗin komawa a wani aljihu daban da ba a taɓawa. Tsabar kuɗi na da amfani, domin ranar Sallah na'urar POS da turawa ta waya sukan ba da kunya saboda cunkoson layi.

Tsawo ake dubawa, ba shekaru ba

A manyan wuraren wasa na duniya, a bakin kowane injin akwai sanda ko allo mai nuna tsawon da yaro zai kai kafin a bar shi ya hau. Wasu santimita 90, wasu 102, wasu 122 ko fiye. Dalili shi ne ƙarfen da ke sauka a kan cinya ko kafaɗa an ƙera shi ne daidai wani girman jiki. Yaron da bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashinsa idan injin ya juya ko ya yi sama, ko da uwarsa na kusa da shi.

Wannan batu ya fi shafar yankinmu fiye da yadda ake zato. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro ɗan shekara huɗu yana da tsawon santimita ɗari da 'yan kai. Amma binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. Don haka cewa "ai ya shekara shida" ba hujja ba ce. Uban da ya tsaya yana roƙon mai kula da injin, ko ya cusa masa ɗari biyar don a ɗaga wa ɗansa ƙafa, yana sayen abin da ba ya so ne da kuɗinsa.

Inda babu allon tsawo sam, wannan ma labari ne. Turai da Amurka suna da rubutattun ƙa'idoji na ƙera waɗannan injina da duba su lokaci-lokaci. A nan gida da yawa daga cikinsu na hannu ne aka shigo da su, wasu kuma maƙeran gida suka haɗa, kuma ba kasafai mai ziyara ke ganin takardar shaidar dubawa manne a jikinsu ba. Abin da ya rage wa uba shi ne idonsa. Ya tsaya ya kalli injin ya yi zagaye ɗaya ko biyu da wasu kafin ya sa nasa. Ya duba ko bel ɗin na kullewa, ko akwai tsatsa a mahaɗar ƙarfe, ko wayar lantarki na kwance a ƙasa inda yara ke takawa ba takalmi, ko kuma mai kula da injin hankalinsa na kan wayarsa. Ya kuma tambayi abin da ke faruwa idan wuta ta ɗauke alhali yara na sama, domin tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareto akwai mintunan da ɗan shekara huɗu ba zai manta da su ba.

Rana, iska, ruwa da cunkoso

A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah na faɗowa ne a tsakiyar bazara: 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025. A wannan lokaci zafi a Gusau da Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyas. Zamiyar ƙarfe da ta yini a rana tana ƙona cinyar yaro, sabbin kayan Sallah masu kauri kuma suna ƙara masa wahala. Ƙaramin yaro ba ya cewa yana jin ƙishirwa sai abin ya yi nisa. Alamarsa ita ce rigima marar dalili, ko ya yi laushi ya daina magana. Safiya zuwa ƙarfe sha ɗaya, ko bayan la'asar, su ne lokutan yara. Ruwa mai yawa daga gida, da ƙullin gishiri da sukari na kemis ko biyu a jakar uwa, sun fi duk wani abin sha mai kala da ake sayarwa a bakin ƙofa.

Babbar Sallah kuma tana zuwa ne a farkon damina, lokacin da hadari ke tasowa da iska mai ƙarfi ba sallama. Nan ne haɗarin gidan iska yake, wato katafaren balan-balan ɗin nan da ake hurawa yara su shiga suna tsalle, wanda iyaye ke ɗauka shi ne mafi aminci saboda laushinsa. A watan Disambar 2021, a wata makarantar firamare da ke tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, iska ta ɗaga irinsa sama da yara a ciki, shida suka rasu. A Ingila ƙa'ida ita ce a sauke yara idan gudun iska ya kai kilomita 38 a awa, a kuma ɗaure shi da turaku ta kowane gefe. Wanda ya ga gabas ta yi baƙi, ganye ya fara tashi, ya cire ɗansa ba sai an ce masa ba.

Ruwa kuwa shi ne ya fi kowanne saurin kisa, kuma ba ya ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Duk wurin da ke da tafki ko kwamin wanka, dole babba ɗaya ya zama ba shi da wani aiki sai kallon yara, ba hira, ba ɗaukar hoto. Game da yawon kwale-kwale, mutanen Kano ba su manta da Bagwai ba, inda jirgi ya kife a madatsar Watari a ƙarshen Nuwambar 2021 da ɗaliban Islamiyya a ciki. Inda babu rigar kariya daidai jikin yaro, a haƙura da jirgin.

Sai cunkoso. Ranar Sallah da washegari su ne ranakun da kowa ke zuwa, su ne kuma mafi muni ga mai ƙananan yara. A ranar 18 ga Disambar 2024 yara 35 suka rasu a turmutsitsin wani taron wasan yara a Ibadan, tun kafin a fara shagalin. Matsi yakan faru ne a ƙofa, inda na baya ke turowa ba su san abin da ke gaba ba, yaro kuma yana ƙasa inda iska ba ta kaiwa. Rana ta huɗu ko ta biyar bayan Sallah, dabbobin suna nan, lilon yana nan, layin ya ragu.

Ɓatan yara kuwa kusan kullum ne a irin waɗannan ranaku. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a rubuta lambar waya a takarda a sa a aljihun yaro, ko a rubuta masa a hannu, a kuma ɗauke shi hoto da safe da kayan da ke jikinsa. Yaro ɗan shekara uku da aka tambaya sunan babansa zai ce "Baba". Barin ƙanana a hannun yayarsu 'yar shekara goma, kamar yadda ake yi a yawon Sallah na cikin unguwa, ba ya aiki a garin da ita ma baƙuwa ce.

Wani abin da ba a son faɗa shi ne, yaron da bai kai shekara uku ba kusan babu abin da yake ƙaruwa da shi a irin wannan tafiya. Ƙarar injin na firgita shi, barcinsa na rana ya lalace, ba kuma zai tuna komai ba. Barin sa wajen kakarsa a Gusau ba rashin adalci ba ne, kuma yana sauƙaƙa wa uwar, wadda a ƙarshe ita ce ke ɗauke da goyo da jaka da rigimar kowa.

Me ya sa ba a gida ba?

Mai karatu na iya cewa jihar da ke fama da satar mutane ba ta da lokacin zancen lilo. Amma yaran da suka taso a tsakiyar wannan hali su ne suka fi rasa wurin wasa. A da, yaron Kucheri ko Magazu ba ya bukatar tikiti: akwai dandali da farin wata, 'yan mata na gaɗa, maza na langa da kokawa, ga tashe da azumi. Yau a garuruwa da yawa na wannan yanki ana shiga gida da wuri, dandali ya mutu, zuwa bayan gari ma ya zama kasada. A cikin Gusau kuma filayen unguwa sun zama shaguna da filotai, yaro ya koma tsakanin makaranta, Islamiyya da waya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu awa uku na motsa jiki a kullum, kallon allo kuma kada ya wuce awa ɗaya. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya sanya wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro. Ziyara ɗaya a shekara ba ta cike wannan giɓi.

Dalilin da ya sa 'yan kasuwa ba sa rububin zuba jari a wannan fanni ba ɓoyayye ba ne. Injina na cin wuta, wutar kuma ta dizal ce. Kasuwar ta kwana goma ce a shekara, sauran watanni ana biyan ma'aikata ana kallon ƙofa. Labarin nan na 2019 da ya zagaya duniya, cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano, wanda daga baya gwamnatin jihar ta ce babu ma goggon biri a gidan, ya ɓoye wani darasi a cikin raha: kuɗin na 'yan kwanakin Sallah ne kawai. Wurin da ke tara irin wannan a mako ɗaya yana iya yin wata guda bai ga kwatankwacinsa ba. Shi ya sa irin waɗannan wurare a ko'ina sukan fara ne da hannun gwamnati, ko da filin da ta bayar, kamar yadda aka yi a Kano.

Ba kuma cewa Zamfara ba ta da abin nunawa ba ne. Dutsen Kwatarkwashi a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, wanda a da ya shahara da bikin kamun maiki, yana bakin titi, tafiyar ƙasa da rabin awa daga Gusau. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, da yana jigilar fasinja yadda ya kamata da shi kansa ya isa abin ɗoki ga yaron da bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Jihar da aka ƙirƙira tun 1 ga Oktoban 1996 ta isa a ce babban birninta na da lambu mai katanga, da inuwa, da ruwan sha, da ban-ɗaki mai tsabta, da lilon da ake dubawa, wanda ƙaramin ma'aikaci zai kai 'ya'yansa ranar Asabar ba tare da ya tambayi labarin hanya ba. Kuɗinsa bai kai na shataletale ɗaya mai ado ba.

Kafin a kai ga haka, iyalin da suka yanke shawarar tafiya suna da abu ɗaya da ba ya cikin ciniki, wato lokacin juyowa. A haɗa kaya tun dare, a yi sallama da dangi tun dare, domin sallamar safe a gidan Bahaushe tana cin awa guda. A sha mai a cikin Kano, a bar gari da ƙarfe bakwai ko takwas, a yi tsayuwar fitsarin yara da sayen tsaraba a Funtuwa, inda za a sake tambayar direbobin da suka fito daga Gusau yadda suka baro hanya. Wanda ya yi haka zai wuce Yankara da Wanzamai da Kucheri rana na tsaka, ya yi sallar azahar a Tsafe ko a gida.